Izinin Maigida da Lafiyar Mace Mai Ciki

Sanin kowa ne a ƙasar Hausa matar aure ba ta fita sai da izinin mijinta. Abin da ya kamata hakimai da malamansu su lura da shi, shi ne naƙuda ba ta jiran maigida ya komo daga cin rani ko fatauci. Sau da yawa akan sami mace ta kwana biyu a durƙushe, ga mota a gari, asibiti kuma ba nisa, amma ba wanda ya isa ya ce a tafi. Ƙanen miji na gudun a ce ya yi shisshigi, kishiya ba ta da ta cewa, uwar miji kuwa ta ce ita tara ta haifa a ɗaka, a dai ƙaro rubutu.

Mai cikin fari ita ta fi shiga haɗari. Kunya ta hana ta faɗin abin da ke damunta, sa'an nan in an kai ta goyon ciki gidan iyayenta sai iko ya rabu biyu: iyaye na jiran miji ya kawo kuɗi, miji na ganin al'amari ya koma hannun surukai.

Daga 1976 zuwa 1979 Likita Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi lissafin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya. Suka tarar yawancin matan da suka rasu ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin sa'a biyu. Doguwar naƙuda kuwa, in ba ta kashe ba, takan bar yarinya da yoyon fitsari, irin wanda ake ɗinkewa a asibitin Babbar Ruga a Katsina. Abin takaici, sau da yawa mijin da ya yi jinkiri shi ke fara ƙaurace mata.

Saboda haka lalle ne hakimi ya tara dagatai da masu unguwa da limamai, ya umurce su su gargaɗi magidanta. Kowane mai mata da ciki ya ba da izini tun da wuri, a gaban mahaifiyarsa da wani dattijo, cewa ko ba ya nan a kai ta asibiti, ya kuma bar kuɗin mota a hannun amintacce. Kada a tsallake uwar miji da ungozoma, gama in ba su yarda ba, izinin miji ba ya fitar da mace daga zaure. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da awon ciki sau takwas maimakon huɗu, watau izinin fita ɗaya ba ya isa.

Malamin hakimi kuma, in an kawo labarin rasuwar mai haihuwa, ya rubuta tun yaushe naƙuda ta fara, da lokacin da aka tashi zuwa asibiti, da wanda aka tsaya jira.