Hukuncin Yaro Mai Taɓin Hankali Idan Ya Yi Ɓarna

Ka sani akwai abin da kan faru a ƙauyukanmu na Miga da kewaye, wanda ya kamata ka san hukuncinsa. Yaro ne kansa ya taɓu, ya kwance akuyar wani, ko ya cinna wa rumbu wuta. Nan da nan samari su taru da sanduna. In ya tsira daga duka, sai kurkuku, ko mari a ƙafa.

To, shari'a ba ta ce haka ba. Hankali sharaɗi ne kafin a tsai da haddi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa an kawo wa Sayyidina Umar wata mahaukaciya da ta yi zina, ya ce a jefe ta. Sayyidina Ali ya tunatar da shi ba a kama mahaukaci da laifi sai ya warke. Nan take Umar ya sake ta. Dokar Penal Code ta Arewa ma, sashe na 51, haka ta tafi.

Kada ka ce shi ke nan mai akuya ya yi asara. A'a. Malamanmu na Malikiyya sun ce ana biyan ɓarnar mahaukaci daga dukiyarsa. In ba shi da komai, dangi su taimaka, a yi sulhu gaban mai unguwa ko dagaci. Amma fa wanda ya sha ƙwaya da gangan ya bugu, wannan hukuncinsa daban, kada ya laɓe a nan.

Ko magana ta kai kotu, ɗauri ba dole ba ne. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta shigo da hukuncin da ba na tsarewa ba, kamar sa ido a kan mai laifi yana gida, da aikin taimakon jama'a. A 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, aka yar da tsohuwa ta 1958.

Saboda haka in aka kama irin wannan yaro a garinku, kai ne za ka shiga tsakani, ka hana duka. Ka kira waliyyinsa. Ku roƙi alƙali ya sa likita ya duba shi kafin hukunci. Akwai asibitin masu taɓin hankali a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano. Hanya da nisa, kuɗin mota da tsada, gaskiya ne. Sai ku samari ku yi karo-karo.