Darasi: Gawo Ya Samu Mai Shi

 Darasinmu na wannan wata a kan itacen gona ne, da dalilin da ya sa yaran da ke kora mana shanu suke yawan rigima da manoma a hanya.

A ƙarƙashin dokar daji ta 1974, gawo da wasu itatuwa suna hannun hukuma ne a Nijar. Manomi ya sare reshe a gonarsa, malaman daji su ci shi tara. To, wa zai rena abin da ba nasa ba? Sai kowa ya riƙa tumɓuke tsiro tun yana ƙarami, ƙasa ta koma fili fetal.

Bayan farin 1984 abubuwa suka fara sauyawa. A 1992 aka ba ƙauyuka damar kafa kasuwannin itace na karkara. A 1993 dokar filayen karkara ta amince da gonar gado, ta kuma kawo kwamitocin filaye da muke kira Kofo. Da manomi ya ga itacen zai amfane shi, sai ya rungumi sassaben zamani, wato barin tsiron kututture ya girma. A haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Mu ma mun ci riba, domin gawo da rani yake ganye, 'ya'yansa kuwa kiwo ne mai sa ƙiba. Amma fa abin da dā ake tsinta kyauta, yanzu yana da mai shi, har a buhu ake auna shi a kasuwa.

Saboda haka mu kiyaye abu uku. Na ɗaya, a ja wa yaran kora kunne, kada su sassaɓe reshe sai da izinin mai gona. Haƙƙin mutum ba abin wasa ba ne, ko nan ko gobe kiyama. Na biyu, mu sa kuɗin 'ya'yan gawo cikin lissafin tafiya. Na uku, dokar kiwo ta 2010 ta hana mallake burtali. In mun ga an nome shi, mu kai ƙara Kofo, kada mu ɗauki sanda.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.