Fitilar Babur: Gyara Saitinta Kafin Ka Sayi Sabon Ƙwai

Ka ce fitilar babur ɗinka ba ta haske, kana shirin sa mata ƙwan LED mai ƙarfi. Dakata tukuna. Masu ƙera fitila sun tsara ta ne ta zuba haske a kan titi, ta yanke shi kafin ya kai idon mai tahowa. Ga abin da za ka yi.

1. Fara da saiti, shi ne kyauta. Da asuba kafin gari ya waye, ka sami wuri mai shimfiɗe da bango a gabansa. Auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa, ka yi alama da alli a bangon daidai wannan tsayin. Ja da baya mita 10, ka hau ka zauna, ka kunna dim. Ƙa'ida ta 53 ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta shafi fitilun babur, ta ce hasken dim ya sunkuya da kashi 0.5 zuwa 2.5 cikin ɗari. A mita 10, bakin hasken na sama zai sauka santimita 5 zuwa 25 ƙasa da alamarka ke nan. Idan ya haura alli, sassauta notin saitin ka sunkuyar da ita.

2. Idan kana yawan goyo ko ɗaura buhu, sake gwajin da nauyin a kai. Baya na zama, fitila na ɗaga kai, dim ɗinka ya koma ful a idon jama'a.

3. Cire ƙwan ka duba lambarsa. Ƙananan babura da yawa na amfani da mai wat 35/35. Na mota, H4, wat 60/55 ne. In ka cusa shi, sai koyil ya kasa ɗauka, batir ya riƙa mutuwa, zafi kuma ya narka soket.

4. Yanzu maganar LED. Kaskon nan mai sheƙi da ke bayan ƙwai an lanƙwasa shi ne daidai inda siririyar wayar ƙwan halojin take. Hasken LED na kasuwa sau da yawa daga wani gurbin yake fitowa, sai ya watsu ko'ina: kan bishiya, saman kanti, fuskar direban tirela. Kai kana jin daɗin farin haske, ramin da ke gabanka kuwa yana cikin duhu. In dai LED kake so, sayi fitilar sukutum wadda aka ƙera don shi, mai wayarin ya ɗaura maka.

5. Nemi tambari a jikin gilashin: harafin E da lamba cikin da'ira, ko DOT na Amurka. E1 Jamus ce, E4 Holan, wato ƙasar da ta amince da ƙirar, ba inda aka ƙera ba. 'Yan jabu ma sun iya buga tambari, don haka bango ne alƙalinka.

6. Kada ka kama gilashin ƙwan halojin da yatsu. Maiƙon hannu na rage masa kwana. Riƙe shi da tsumma mai tsabta.

7. Bar fitilar a kunne da rana. Tun Afrilun 2017 Indiya, inda ake ƙera Bajaj da TVS, ta wajabta wa sababbin babura fitila mai kamawa da zarar an tayar da inji, don masu mota su hango su da wuri.

8. Cikin hazo ka tsaya a dim. Ful ƙura yake haskawa, ya dawo maka ido. Fitilun ado masu shuɗi da ja a gaba kuma, cire su kafin jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC su tare ka.