Kafin Ka Tafi Cape Coast

Ɗana, na ji kai da abokanka za ku tafi hutu Cape Coast ta ƙasar Ghana, ku kwana a bakin teku, ku leƙa dajin Kakum. Allah Ya kai ku lafiya. Zauna ka ji 'yan kalmomi kafin ka ɗaure kaya.

Teku ba kogin garinku ba ce. A wannan gaɓar akwai jan ruwa mai ɗauke mutum daga inda ruwa bai wuce ƙugu ba, ya yi tsakiya da shi. Kada ka shiga sai inda mutanen gari suka ce a shiga. In har ruwan ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi kana neman tudu kai tsaye. Yi iyo ta gefe, kana bin tsawon gaɓa, har ya sake ka. Masuntan Fanti da suka gaji teku tun kaka da kakanni ba sa fita su ran Talata, balle kai baƙo ka raina ta.

Kakum na da nisan kusan kilomita 30 arewa da gari. Ku yi sammako kafin jama'a su cika. Akwai gadar igiya a dajin da aka buɗe a 1995, guda bakwai ce a jere, tana rataye tsakanin manyan itatuwa, ta kai kusan mita 40 daga ƙasa. Kada ka girgiza ta don tsorata abokinka. Akwai giwaye a dajin, amma da wuya baƙo ya gan su. Tsuntsaye da malam-buɗe-littafi kuwa, mai shiru ne ke more su.

Abin da ya fi damuna shi ne gidajen bayi. Na garin Elmina Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, na Cape Coast kuma ya daɗe a hannun Turawan Ingila. Za a shigar da ku ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda ake cusa ɗaruruwan mutane cikin duhu, iska ba ta shiga sai ta 'yar kafa, a samansu kuma ga ɗakin ibadar masu tsaronsu. Daga nan sai ƙofar da in an fita ba a dawowa, jirgi na jira. Kada ka ɗauka tarihin wasu ne can. Da yawa daga arewa aka koro su, wasu ta kasuwar Salaga, kasuwar da fatakenmu ke zuwa saro goro, kuma ba goro kaɗai ake ciniki a cikinta ba. A Assin Manso, kan hanyar Kumasi, akwai rafin da aka ce nan suke wankan ƙarshe.

Za ka ga baƙi daga Amurka da Jamaika suna kuka a wurin. Kakanninsu suke nema. Ka mayar da wayarka aljihu, ka rage murya, kada a ji dariyarka. Hoto ka bari sai kun fito sarari.

In lokacin salla ya yi, tambayi hanyar zango. Za ka tarar da masallaci da masu jin Hausa. Ka gaida dattawansu da kyau, ka ce na ce a sa waɗancan bayin Allah cikin addu'a.