Karen Haski: Cutar Gado da Lissafin Inshora

Karen Haski asalinsa na mutanen Cukci ne da ke arewa maso gabashin Saberiya, waɗanda suka daɗe suna amfani da shi wajen jan amalanke a kan ƙanƙara. Ya yi suna a shekarar 1925, lokacin da ayarin karnuka suka yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 a Alaska domin kai maganin mashaƙo garin Nom. To, duk da wannan juriya tasa, kare ne mai rauni ta wajen ido.

Dalili kuwa shi ne, masu kiwo kan haɗa karnuka 'yan dangi domin kamannin jinsin su ɗore. Ta haka ƙwayar gado mai lahani takan yawaita a cikin zuriya. Daga cikin cututtukan da aka san Haski da su akwai yanar ido tun yana ƙarami, da ciwon fata na ƙarancin sinadarin zinki, da lalacewar tantanin gani da ke can bayan ido. Wannan ta ƙarshe takan fara da dundumi, ta ƙare da makanta, kuma ba ta da magani.

Ɗalibai su lura da yadda ake gadonta, domin darasin ya shafi ɗan Adam ma, kamar a makantar launi. Ƙwayar cutar tana kan kuromosom X. Namiji X ɗaya gare shi, saboda haka in ya gaji mai lahani, zai kamu. Karya kuwa tana da biyu, lafiyayyen yakan kare ta, amma tana ɗauke da cutar. Idan irin wannan karya ta haihu da lafiyayyen kare, kowane kwikwiyo namiji yana da kashi 50 cikin 100 na yiwuwar kamuwa.

Irin wannan lissafi ne kamfanonin inshorar dabbobi suke dubawa. A Suwidin aka fara yi wa kare inshora a 1924, a Amurka kuwa sai 1982. Mai kare yana biyan kuɗi duk wata ko duk shekara, kamfani kuma ya ɗauki wani kaso na kuɗin likitan dabbobi. Jinsin kare da shekarunsa suna cikin abubuwan da ke yanke farashi. Galibi kamfani ba ya biyan kuɗin cutar da ta bayyana kafin a ƙulla yarjejeniya, wasu ma sukan taƙaita biyan na cututtukan gado. Wanda ya jira har karensa ya fara tuntuɓe da dare, ya makara.

Inshora tana rage nauyin aljihu, amma ba ta hana cuta. Abin da ke hana ta shi ne gwada jinin iyaye da duba idanunsu kafin a haɗa su.

Aikin aji: Idan kare mai wannan cuta ya haihu da karyar da ba ta ɗauke da ita, yaya 'ya'yansu maza da mata za su kasance?