Yadda Ake Amfani da Esi Ba Tare da Ya Cinye Aljihu Ba

Daga Afrilu zuwa Mayu zafi a ƙasar Gumel kan haura digiri 40, kwano ya sha rana tun hantsi, ɗaki ya ƙi zaunuwa har bayan isha'i. Tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023 kuwa, ko da janareta kake kunna esi, ko da wutar KEDCO, ko da sola, kowace awa kuɗi ce.

Aikin esi shi ne kwashe zafin ɗaki ya zubar a waje. Saboda haka fara da hana zafin shigowa. Ɗakin kwano marar silin bai dace da esi ba sam, a fara yin silin. Ka sa labule mai kauri a tagar yamma, ka toshe ƙasan ƙofa.

Sai rimot. Ka ajiye shi a 25 ko 26, ka haɗa da fanka. Saukar da shi 16 ba ya hanzarta sanyi, sai dai ya hana kwamfuresa hutawa.

Babbar matsalarmu a nan ƙura ce. Daga Maigatari zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar ƙasar rairayi ce, ga hunturu, ga guguwar farkon damina. Duk mako biyu ka kashe wuta, ka ɗaga murfin gaban esin, ka zaro ragar tace ƙura guda biyu da ke ciki. Za ka ga ƙura ta lulluɓe su har ba a hango haske ta ciki. Ka wanke da ruwa, ka shanya a inuwa, kada ka mayar sai sun bushe ƙarau. Injin waje ma ya samu inuwa da sarari, kada a jingina masa kara ko buhuna, domin ta nan zafin ke fita. Kafin bazara mai gyara ya wanke shi sosai.

In an ɗauke wuta aka dawo da ita, jira minti 3 zuwa 5 kafin ka kunna. In ta zo ba ƙarfi, ƙwai na ja-ja, ka haƙura, ko ka sa sitabilaiza. Raunin wuta na ƙona kwamfuresa. Mai sola ya nemi esi mai inbata, wanda ke tashi a hankali, ya sanyaya ɗaki tun da la'asar da sauran rana, don ya rage wa batir nauyin dare.

Gas ɗin esi ba ya ƙarewa da aiki. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo. Kada ka yarda a ƙara maka gas sai an gano wurin an toshe, in ba haka ba za ka sake biya.