Mai Ba Da Ɗanɗano Ba Ya Neman Makullin Rumbu

Ɗiyata, na ga hoton man shafawar nan da kike nuna wa ƙawayenki jiya, wanda aka ce gwaji ne kyauta, kuɗin kawowa kaɗai za ki biya. Ban tanka ba a lokacin, don ba a yi wa mai shirin aure faɗa a tsakar gida. Yanzu da muke mu biyu, matso ki ji.

Tun ina yarinya ake ba da ɗanɗano a kasuwar Tambuwal. Mai zuma zai ɗiga miki a yatsa, mai ƙuli-ƙuli ta gutsura miki. In ya yi miki ki saya, in bai yi ba ki wuce, babu mai biyo ki gida. Ban taɓa jin wanda ya ce sai an ba shi makullin rumbu kafin a lasa ba. To, dogayen lambobin da ke gaban katinki na banki, da ranar ƙarewarsa, da ukun nan na baya, su ne makullin. Ranar farko banki zai turo miki lambar tabbatarwa, ki sa da hannunki. Daga nan mai kaya ya adana katin, yana iya dawowa ya ɗiba ba tare da an sake tambayarki ba.

Dabarar tana can ƙasan shafi, cikin ƙananan rubutun Turanci da ko ni da na yi shekaru ina koyarwa sai na sa tabarau. A nan ake cewa in ba ki soke ba cikin kwana 10 ko 14, kin yarda ki biya cikakken farashi, kuma a riƙa aiko miki da sabuwar kwalba kowane wata. Sau da yawa daga ranar da kika yi oda ake fara ƙirga. Ki lissafa da kanki: kaya ya taso daga Legas ko daga wata ƙasa, ya sauka Sakkwato, a jira motar da za ta biyo hanyar Jega da shi. In a Kebbe kike ko Kuchi, ƙara wasu kwanakin. Wa'adi ya cika, ke ko murfin ba ki buɗe ba.

Kada ki ce tsoron tsofaffi ne. A Amurka, inda aka fi mu boko, hukumar kare masu saye ta FTC ta kai masu sayar da wani mai, AuraVie, kotu a 2015. Suna karɓar dala 4.95 ko ƙasa da haka a matsayin kuɗin aikawa, bayan 'yan kwanaki su zare dala 97.88, su ci gaba wata bayan wata. Alhali tun 2010 ƙasar take da dokar da ta hana cire kuɗin mutum a cinikin intanet sai an bayyana masa sharuɗɗa ƙarara ya amince. Ƙorafi ya yi yawa har Mastercard a 2019, da Visa a 2020, suka tsaurara ƙa'ida a kan irin wannan gwaji. Mai gaskiya ne ke bin ƙa'ida. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Mu ma mun san ƙanin abin. Na taɓa danna lamba ɗaya don wata waƙar kira da aka ce kyauta ce ta mako guda. Wata uku ina zargin jikokina da cinye mini kati, ashe ni na buɗe ƙofa. Wancan naira hamsin-hamsin ne, kuma ana iya tura STOP zuwa 2442 a rage saƙonnin talla, ko a kira hukumar NCC a 622. Na katin banki kuwa kuɗin gadonki da tukwanenki zai taɓa. A 2022 bankuna da dama sun rufe sayayyar waje da katin naira, sai hakan ya zame mana katanga ba da niyya ba. A 2025 wasu suka sake buɗewa.

Ban ma zo kan abin da ke cikin kwalbar ba. Wanda ya ɓoye miki farashi, me zai hana shi ɓoye abin da ya haɗa? A 2023 NAFDAC ta yi shelar cewa bilicin ya zama babbar barazana ga lafiyar 'yan Najeriya. Duk man da ba ki ga lambar rajistarta a jikinsa ba, bar shi. Dilka da kurkum da lallen da aka gyara uwarki da su har yau suna nan, kuma mai yin su kin san ƙofar gidanta.

In har kin riga kin sa lambobin, kada kunya ta sa ki yi shiru, masu abin da kunyar suke ci. Yau ɗin nan ki toshe katin, ki je banki ki karɓi sabo. Ki ɗauki hoton tallar da duk alat ɗin da ya shigo. Ki rubuta ƙorafi, ki karɓi shaidar cewa sun karɓa. In mako biyu ya wuce ba a yi komai ba, akwai sashen kare masu hulɗa da bankuna a Babban Bankin Najeriya, akwai kuma hukumar FCCPC. Ba na yi miki alkawarin kuɗin za su dawo, amma dai ɗiban zai tsaya.

Allah Ya yi miki albarka, Ya kai mu ranar bikin lafiya. Gobe bayan La'asar ki zo da wayar taki, da ta ƙanwarki, mu duba saƙonnin banki na wata ukun da suka wuce.